Aka ce jinin ne bai karɓe ta ba

Tambaya: Ni nas ce a ɓangaren mata masu haihuwa. Wani dare mu biyu ne kan aiki, ɗakin cike, aka kawo ledar jini daga lab. Akwai mata biyu masu suna ɗaya, dukkansu an rubuta musu ƙarin jini. Abokiyar aikina ta ɗaura wa wadda ba nata ba ne. Ni kuma na sa hannu a matsayin wadda ta duba tare da ita, alhali a tebur na sa hannun, ban je bakin gadon ba. Matar ta kama rawar ɗari, fitsarinta ya yi duhu, yanzu wankin ƙoda ake yi mata. An gaya wa mijinta wai jinin ne bai karɓe ta ba. In-cajinmu ta ce ƙaddara ce, a bar kaza cikin gashinta. Wani likita kuma ya ce a nemo wadda ta yi a ba ta kweri. Abokiyar aikina ta daina cin abinci, tana maganar ajiye aiki. Me ya sa mutane ke magana haka idan an yi babban kuskure, kuma wace magana ce daidai?

Amsa: 'Yata, Allah ya tashi kafaɗun baiwar Allah nan, ku kuma ya sanyaya muku zuciya. Na daɗe ina koyar da aikin jinya, ina kuma zama a kwamitin da ke bin diddigin irin wannan a asibiti, don haka maganganun da kika lissafa na sha jin su, kusan kalma da kalma. Ta in-cajinku da ta likitan nan a kunne sun bambanta, amma aikinsu ɗaya ne. Kowacce tana rufe zancen kafin a kai ga tambayar da ke da amfani, wato yaya aka yi ledar nan ta isa gadon da ba nata ba.

Akwai dai abin da ba ya jira. Likitocin da ke yi wa matar nan wankin ƙoda dole su san cewa jinin wata aka ƙara mata, kuma a rubuce. Cewa jini bai karɓi mutum ba magana ce mai faɗi. Ana iya yin komai daidai, mara lafiya ya yi ɗan zazzaɓi ko borin jini, a ba shi magani abin ya wuce. Wanda kika kwatanta daban ne. Idan, misali, mai rukunin O ta samu jinin A, garkuwar jikinta tana farfasa ƙwayoyin da aka ƙara mata a cikin jijiya nan take, awon jininta ya faɗi ƙasa, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta tsaya, wani lokacin ma jini ya daina daskarewa. Ga mai jego, wannan na ƙarshen shi ya fi ban tsoro. Kuma idan ta sake buƙatar jini, mutanen lab suna buƙatar sabon samfuri da cikakken labari. Sannan ina ɗaya matar? Duk sanda leda ta je gadon da ba nata ba, ƙa'ida ita ce a binciki ta biyun nan take, domin sau da yawa musanya aka yi, ɗaya ledar tana nan cikin firji tana jiran ta cutar da wata. Idan ba a yi wannan binciken ba, yau za a yi shi.

Salon maganar kuwa tun muna yara muka koye shi. Yaro ba ya cewa na fasa kofi, sai ya ce kofi ya fashe. Da muka girma muka ƙara masa ado: an samu akasi, jikinta ne ya rikice, an yi iya ƙoƙari, tsautsayi ne. Duk jimlolin nan akwai abin da ya faru a cikinsu, babu wanda ya aikata. Ba mu kaɗai muke yi ba. A 1987, da badaƙalar sayar wa Iran makamai ta tashi, shugaban Amurka Ronald Reagan ya tsaya gaban majalisa ya ce an tafka manyan kurakurai, bai ce wa ya tafka ba. Ban raina wannan salo gaba ɗaya ba, domin yana da wurinsa. A zaman makoki, ko a sa'ar farko da uwa ke birgima a ƙasa, kunya da rufin asiri su ne hankali. Inda ba shi da wuri shi ne cikin foldar mara lafiya, da teburin bincike, da gaban wanda ya tambaye ki kai tsaye me ya sami matarsa. Maganar da aka gaya wa mijin nan ta wuce kawaici. An zaɓi kalmomi ne da gangan don ya fahimci abin da ba haka yake ba, aka ɗauke laifin daga hannun ma'aikata aka ɗora wa jikin matar.

Ki kuma duba inda irin wannan magana take sauka idan ta isa gida. A asibitocinmu 'yan uwa ne ke ba da jini a madadin wanda za a ƙara. To wane ne ya bayar? Wataƙila ƙanenta, wataƙila mijin da kansa. Yanzu akwai mutumin da yake kwana yana tunanin jininsa ne ya kashe wa 'yar uwarsa ƙoda. Akwai dangin da za su fara cewa ai jinin gidan su wane ba ya haɗuwa da namu. Idan akwai abokiyar zama, ba a rasa mai zancen sammu. Ita kuma matar, ranar da ta sake haihuwa jini ya ɓalle mata, tana iya ƙin ƙarin jini, tunda an gaya mata ba ya karɓar ta. Wanda ya faɗi maganar yana ganin ya kashe wuta ne, bai san ya kai ta wani gida ba.

Sai batun ƙaddara, wanda shi ya fi ɗaure wa ma'aikatanmu kai, domin gaskiya ce ake amfani da ita a inda ba wurinta ba. Babu musulmin da ke jayayya cewa abin da ya sami matar nan rubutacce ne. Amma malamai sun rarrabe: ƙaddara abar rarrashi ce ga wanda musiba ta afka wa, ba garkuwa ba ce ga wanda abin ya fito ta hannunsa. Idan mijin ya ce ƙaddara ce bayan ya san gaskiya, wannan imani ne da girma. Idan in-caji ta faɗa don kada a rubuta rahoto, ta ari bakinsa ta ci masa albasa. Allah ya ambaci kisan kuskure a Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma bai ce tunda kuskure ne a shafe zancen ba. Ya ɗora kaffara, ya ɗora diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa idan su suka yafe. Ki lura da wanda aka ba wa ikon yafewa. Mutum ba zai yafe abin da bai san an yi masa ba, kuma babu wata shugabar ɗaki da za ta yafe a madadinsa.

Ɗaya gefen shari'ar shi ne wanda masu son kweri ke mantawa. Diyyar kuskure, a wajen malaman fiƙihu, dangin wanda ya yi ne ke haɗuwa su ɗauka, ba a jibge ta a kan mutum ɗaya. Da Khalid ɗan Walid ya kashe wasu daga Banu Jazima bisa mummunar fahimtar abin da suka furta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga hannu a bainar jama'a ya barranta daga abin da Khalid ya aikata, aka aika Sayyidina Ali ya biya diyya, Khalid kuma ya ci gaba da jagorantar runduna. An kira aikin da sunansa, an biya waɗanda aka cuta, ba a jefar da mutumin ba.

Maganar likitan nan ta a nemo wadda ta yi tana da daɗin ji, domin tana kama da adalci. Kwana biyu an gama: an ba da kweri, an dakatar da wance, an rufe fayil, hukumar asibiti ta numfasa. Washegari da dare ɗakin yana nan yadda yake, nas biyu, mata masu suna ɗaya gado kusa da gado, babu alama a hannun kowa. Abin da kawai ya canza shi ne duk wadda ta ga yadda aka yi da wance ta koyi yin shiru. Akwai kuma wata cuta da ke damun mai hukunci bayan abu ya riga ya faru. A 1991 an buga wani nazari a Amurka inda aka ba likitocin sa barci 112 labaran marasa lafiya 21 su yanke ko an yi aikin yadda ya kamata. Labarin ɗaya ne, ƙarshensa kawai aka riƙa canzawa, wasu aka ce musu mara lafiyar ya warke, wasu aka ce ya naƙasa ko ya mutu. Da ƙarshen ya yi muni, waɗanda suka ce an yi aiki daidai sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Da a ce matan nan biyu rukuninsu ya zo ɗaya, da babu wanda ya ji labari, alhali abin da kuka aikata bai canza ba ko kaɗan.

Ba zan ruɗe ki in ce tsoron da ke sa mutane yin shiru ba shi da tushe ba. A Disamban 2017, a asibitin Vanderbilt da ke Nashville a Amurka, wata nas mai suna RaDonda Vaught ta je ɗauko Versed, maganin kwantar da hankali, don wata dattijuwa mai shekara 75 da za a yi wa hoto. Ta buga haruffa biyun farko a na'urar ajiye magani, ta ɗauko vecuronium, wanda ke shanye tsoka har da ta numfashi. Matar ta rasu. Nas ɗin ta faɗi abin da ta yi nan take. Asibitin kuwa bai kai rahoto ga hukuma ba, aka rubuta mutuwar a matsayin ta ciwo, aka sasanta da iyalan bisa sharaɗin su yi shiru, sai bayan kusan shekara guda wani ya tsegunta. A 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka sa ta ƙarƙashin sa ido na shekara 3 ba tare da ɗauri ba. Ta tsallake gargaɗi da yawa, wannan babu musu, kuma ƙwace lasisinta abu ne da za a iya kare shi. Amma wadda ta yi magana ita ta tsaya gaban alƙali, waɗanda suka rufe ba su tsaya ba, kuma ma'aikatan jinya a ko'ina sun ga haka.

Misali na biyu ya fi kusa da ke. Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Najeriya, tana aiki a asibitin Leicester a Ingila a Fabrairun 2011 lokacin da wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a hannunta sakamakon cutar da ta shiga jininsa. Ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, tana riƙe da aikin fiye da mutum ɗaya, kwamfutar da ke fito da sakamakon gwaji ta lalace na tsawon sa'o'i. Cikin kurakuran ranar har da rikita yaron da wani yaro daban. A 2015 aka yanke mata ɗaurin shekara 2 na jeka-ka-gyara-halinka, a Janairun 2018 aka soke sunanta daga rajistar likitoci, a Agustan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata da shi. Likitoci da yawa a Ingila suka fito suka ce daga yau za su yi taka-tsantsan da abin da suke rubutawa game da kurakuransu, har gwamnati ta kafa kwamitin duba lamarin. Ga uwar yaron kuma, wadda ba ta taɓa yarda an yi wa ɗanta adalci ba, kuma ba ni da bakin ce mata ta yi kuskure.

Duk da haka shiru ya fi tsada, kuma masu jirgin sama ne suka fara biyan kuɗin. Ranar 1 ga Disamba 1974 jirgin kamfanin TWA mai lamba 514 yana shirin sauka a filin Dulles kusa da Washington, matuƙan suka fahimci umarnin hasumiya a matsayin izinin yin ƙasa tun ba su wuce duwatsu ba. Jirgin ya daki dutse, mutum 92 da ke ciki duk suka mutu. Da aka bincika sai aka gano cewa mako shida kafin nan matuƙan kamfanin United sun yi irin wannan fahimtar a wannan wurin, da ƙyar suka tsallake. Sun kai rahoto a cikin kamfaninsu, an gargaɗi abokan aikinsu, amma babu hanyar da labarin zai isa wasu kamfanoni. Daga nan aka kafa tsari a 1976, aka damƙa shi a hannun NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wadda ba ta da ikon hukunta matuƙi. Duk wanda ya yi kuskure ba da gangan ba, ya kai rahoto cikin kwana 10, ana cire sunansa, kuma rahoton yana iya kare shi daga hukunci matuƙar abin bai kai haɗari ko laifi ba. Rahotannin da suka tara sun haura miliyan.

Fannin ƙarin jini ma ya bi wannan sawun. Tun 1996 Birtaniya take da tsarin kai rahoton sirri mai suna SHOT, kuma abin da ya fara fitowa fili shi ne ba wa mara lafiya jinin da ba nasa ba ya fi kamuwa da cuta ta hanyar jini yawa nesa ba kusa ba, kuma kuskuren kan faru ne wajen rubuta suna a kwalbar samfuri, ko ɗauko leda, ko dubawar ƙarshe a bakin gado. Wato abin da ya same ku sananne ne, an san ramukan da ake faɗawa. A shekarar dai Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta buga abin da ta gani a ɗakunan jinya takwas: inda shugabanci ya fi kyau, ma'aikata suka fi jituwa, nan aka fi samun rahoton kuskuren magani. Ba sun fi kowa yi ba ne, sun fi kowa faɗa. Shi ya sa idan shugabar ɗaki ta yi mini alfahari cewa shekara guda ba a samu kuskure ko ɗaya a wajenta ba, gabana ke faɗuwa. Ke ma kin san ƙa'idar, domin a zaman bin diddigin mutuwar mata masu juna biyu da jarirai da ake yi a asibitocinmu, sharaɗin shi ne ba a kiran suna, ba a ɗora laifi. A takarda dai haka yake.

Kada ki ɗauka ina cewa babu mai laifi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma ɓeran bai fita ba. Masu wannan fanni suna raba abu uku. Akwai kuskure tsantsa, hannu ya ɗauki abin da zuciya ba ta nufa ba. Akwai yanke hanya da ya zama al'ada har mutum ya daina ganin haɗarinsa. Akwai ganganci, mutum ya san haɗarin sarai ya take, kamar wanda ya zo aiki a buge, ko ya rubuta ƙarya a takarda don ɓoye ɓarna. Na ukun hukunci ne maganinsa. Sa hannun da kika yi a tebur na biyun ne, kuma ki kira shi da sunansa: kin shaida abin da ba ki gani ba. Ana kuma yin wata tambaya don auna shi. A ɗauko nas uku masu irin horonku, a saka su a wannan daren, su biyu da wannan cinkoson, shin za su yi yadda kuka yi? Idan amsar ita ce kowa a ɗakin haka yake sa hannu, kuma in-caji ta sani ta kawar da kai, to korar mutum biyu ba za ta gyara komai ba.

Zaman bincike na gaskiya tambayoyinsa ƙanana ne, kuma a jere. Ƙarfe nawa aka ɗibi samfurin kowacce, a bakin gado aka rubuta suna a kwalba ko an tara kwalabe an rubuta a tebur? Me aka rubuta a jikin ledar, suna kaɗai ko har da lambar asibiti? Wa ya ɗauko ta daga lab, ma'aikaci ko ɗan uwan mara lafiya aka aika da takarda? Akwai wuta a lokacin ko da fitilar waya aka karanta? Ke me kike yi da aka kira ki sa hannu, akwai mai naƙuda a hannunki? Bayan an ɗaura, wa ya tsaya a kanta minti 15 na farko, lokacin da irin wannan ya fi nuna kansa? Kowace amsa wuri ne da za a iya toshewa. Tambayar wa ya yi amsarta ɗaya ce, kuma kowa ya riga ya san ta.

Yanzu ga iyalan. Dole a gaya musu, kuma da wuri, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, a asibiti kuwa akwai masu shara da masu gadi da ɗalibai, duk suna da kunne da dangi a gari. Wanda ya ji daga bakinku yakan yi fushi da kuskuren. Wanda ya ji a waje yakan yi fushi da ɓoyewar, kuma wannan fushin ba ya saurin hucewa. A 1994 Charles Vincent da abokan aikinsa a Landan sun tambayi mutum 227 da ke ƙarar likitoci me ya kai su kotu. Kuɗi yana ciki, amma tare da shi akwai son a yi musu bayani, son wani ya amsa alhaki, da son kada abin ya sami wani. Asibitin Jami'ar Michigan ya fara faɗa wa marasa lafiya gaskiya da tayin diyya tun 2001, kuma nazarin da aka buga a 2010 ya nuna ƙararrakin kotu sun ragu da fiye da rabi. Ingila ta mayar da faɗar gaskiyar doka a kan asibitocinta a 2014. A nan Najeriya, kundin haƙƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 ya ba mara lafiya haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, da haƙƙin ganin bayanan jinyarsa.

Sai dai nan ba Michigan ba ce. Mun san ana dukan ma'aikata a asibitocinmu, ana kiran 'yan sanda su tafi da nas daga bakin aiki. Don haka ba ke za ki tare mijin a baranda da dare ki fashe da kuka ba. Aikin babban likitan da matar ke ƙarƙashinsa ne, tare da shugabar ma'aikatan jinya, a ɗaki, a zaune, da mutum biyu ko uku daga iyalan. Idan matar tana cikin hayyacinta ita ce ta farko da za ta ji, domin jikinta ne. Maganar kuma ba ta da tsawo: “Malam, mun kira ka ne mu gyara abin da aka gaya maka. Jinin da aka ƙara wa maiɗakinka ba nata ba ne, na wata ce mai suna irin nata, kuma shi ya taɓa mata ƙoda. Kuskuren daga wajenmu yake, ba daga jikinta ba, ba kuma daga jinin da 'yan uwanku suka bayar ba. Mun yi nadama, muna neman afuwarku. Ga abin da ake yi mata, ga abin da muke sa rai, ga wanda za ka nema idan kana da tambaya.” Daga nan a yi shiru a bar shi ya yi magana, ko da zagi ne. Kada a tsaya a kan “sai haƙuri” kaɗai, domin ita ake faɗa wa wanda gobara ta ci shagonsa, ba ta nuna wa ya kunna wutar. Kada kuma a nemi ya yafe a wannan zaman. Sunan nas ba ya cikin zancen farko, asibiti ne ke amsa alhaki.

Akwai tambayar da ban ji kin ambata ba, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wa ke biyan kuɗin wankin ƙodar? Idan mijin nan yana sayar da gona ko dabba don biyan ɓarnar da asibiti ya yi, kullum aka karɓi kuɗinsa an ƙara zalunci a kan kuskure. Neman afuwar da ba ta taɓa aljihun asibiti ba rabin magana ce.

Ta ina za ki fara, tunda in-caji ta ce a rufe? Ki koma mata tukuna, ke da ita, cikin ladabi, ki ce Anti, hannuna yana kan takardar nan, ba zan iya barin ta haka ba, na fi so mu kai maganar tare. Sau da yawa ita ma tsoro ne ke cin ta, domin ita ta tsara aikin daren. Idan ta ƙi, likitan da ke kula da matar da shugaban ɓangaren jini na lab suna da haƙƙin sani ta fuskar magani, kuma gaya musu ba tsallake shugaba ba ne. Ki rubuta abin da kika gani da abin da kika yi, da lokutansu, ba zato, ba ɗora wa kowa, ki ajiye kwafi. Ki sanar da wakilin ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya da ungozoma kafin a kira ki gaban kwamiti. Abu ɗaya kuma kada ki kuskura, ko wa ya sa ki: goge rubutu, ko yage shafi, ko sake cike takarda da tsohon kwanan wata. Idan akwai ƙarin bayani a rubuta shi a ƙasa da kwanan watan yau. Hukumar da ke ba ku lasisi tana iya sassauta wa kuskure, amma ba ta sassauta wa rubuta ƙarya a takarda.

Abokiyar aikinki kuwa, kada ku bar ta ita kaɗai. Tun 2000 wani likita a Amurka, Albert Wu, ya ja hankalin duniya kan halin da ma'aikacin da kuskure ya fito ta hannunsa yake shiga: rashin barci, maimaita daren a kai, tsoron taɓa mara lafiya. A Seattle, wata nas da ta shekara fiye da 20 tana aiki ta ba wa jaririya magani ninki goma a 2010, ta kai rahoton kanta, aka kore ta, bayan 'yan watanni ta kashe kanta. Kada ki ce mata ba komai, ta san da komai. Kada ki ce ba laifinta ba ne, ba za ta yarda ba, za ta ma daina gaya miki abin da ke ranta. Ki ce mata hannuna yana ciki, tare za mu je. Ki kai mata abinci ki zauna har ta ci. Ajiye aiki a jinkirta shi, ba shawarar wannan makon ba ce. Idan kika ji tana cewa gara ta mutu, ko ta fara sallama da mutane, a ranar za a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, a kuma sanar da wani babba a gidansu. Ke ma ki samu wadda za ki yi magana da ita, domin na lura duk wasiƙar nan halin wasu kika bayar, ba ki faɗi naki ba.

Gyaran ɗakin ba ya jiran kwamiti ya zauna. A ƙasar da ɗaki ɗaya zai iya tara mata huɗu masu suna ɗaya, da yawa kuma ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, suna kaɗai ba shaida ba ne. Masu suna ɗaya a raba musu gado nesa da juna, a sa alama a foldarsu da kan allo. A ɗaura wa kowace filasta a hannu da lambar asibitinta idan babu abin hannu na musamman. Kada a tambayi mara lafiya “ke ce wance?”, domin mai jin jiki ko mai kunya “eh” za ta ce, a bar ta ta faɗi sunanta da bakinta. Ku tuna kuma mata da yawa ba sa kiran sunan miji, kuma sau da yawa shi ne suna na biyu a kati, don haka lambar ita ce abin dogaro. Mutum biyu su tsaya a bakin gado, ɗaya ta karanta lambar leda da rukunin jini da ƙarfi, ɗaya tana bin takarda da hannun mara lafiya. Idan nas ta biyun tana karɓar haihuwa, kuma ba jini ke zuba ba, ledar ta zauna a firjin lab har ta gama.